Kumburin da ke fitowa bayan rigakafi: amsoshi ga masu kiwo a Kaduna

Wani mai kiwon kaji daga Rigachikun ya rubuto cewa ya yi wa kajinsa rigakafin ƙurajen kaji a fuffuke, bayan mako guda sai ya ga wurin ya kumbura har ya yi ɓawo, yana tambaya ko maganin ne ya lalace.

Malam, hankalinku ya kwanta, domin wannan kumburi shi ake nema. Maganin rigakafin ƙurajen kaji bairos ne mai rai da aka rage wa ƙarfi, kuma idan aka soka shi a siririyar fatar fuffuke da allurar nan mai baki biyu, yana hayayyafa a wurin, jiki kuma ya turo fararen ƙwayoyin jini su tare shi. Tsakanin kwana 7 zuwa 10 ne ake duba wurin. Ku kama kaji daga kowace kusurwa ta ɗaki, ku taɓa fuffuken da yatsa, ku ƙirga waɗanda suka nuna kumburi. Abin da ya kamata ya tayar muku da hankali shi ne ku tarar da yawancinsu babu komai, domin hakan na nufin ko zafi ya kashe maganin, ko allurar ba ta ɗebo shi ba, ko kuma kajin sun riga sun haɗu da cutar. Irin wannan magani ana ajiye shi ne a sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma a zafin watan Maris da Afrilu, ga ɗauke wuta, ba wuya ya mutu tun a hanya idan ba a ɗauko shi cikin ƙanƙara ba.

Tambaya ta biyu ta wata Hajiya ce daga Kawo mai kiwon awaki da kaji. Ta ji ana cewa da ɓeraye ake gwada magungunan rigakafi kafin a fito da su, tana son sanin me ake aunawa a jikin ɓera, kuma me ya haɗa shi da akuyarta.

Hajiya, garkuwar da rigakafi ke ginawa iri biyu ce. Akwai sinadaran kariya da ke yawo cikin jini, waɗanda ake iya aunawa idan an ɗebi jinin dabba, kamar yadda ake yi wa kaji bayan rigakafin cutar kaji da ake kira Newcastle. Akwai kuma garkuwar da wasu fararen ƙwayoyin jini da masana ke kira T suke ɗauke da ita, su ne masu gane ƙwayar jikin da bairos ya shiga ya ɓuya, su hallaka ta. Wannan ta biyun ba ta bayyana a gwajin sinadaran jini, shi ya sa ake tambayar fata. A ɗakin gwaje-gwaje ana raba ɓeraye rukuni biyu, a yi wa ɗaya rigakafin, a bar ɗayan. Bayan mako ɗaya ko biyu sai a ɗauki ɗan ɗigon bairos ɗin da aka kashe, a zuba shi da siririyar allura a tafin ƙafar baya guda, ɗayar ƙafar kuma a zuba mata ruwan gishiri tsantsa. Ana auna kaurin ƙafafun biyu da ma'auni mai baki biyu da ke karanta abin da bai kai milimita ɗaya ba, kafin allurar, sannan bayan awa 24 da awa 48, wani lokaci har awa 72. Bambancin da ke tsakanin ƙafar da aka zuba wa bairos da wadda aka zuba wa ruwan gishiri shi ne sakamakon. Idan ɓeran Masar ne, ana aske gefen jikinsa a yi allurar cikin fata, a auna faɗin wurin da ya yi tauri. A kaza kuwa ana amfani da fatar da ke tsakanin yatsu ko naman da ke reto a ƙarƙashin baki.

Jinkirin nan shi ne muhimmin abin lura. Kumburin da ya taso cikin mintuna ko 'yan awanni aikin sinadaran jini ne, mai laushi ne saboda ruwa ne ya taru. Wanda ya jira kwana ɗaya zuwa uku kuwa yana da tauri, domin sai ƙwayoyin da suka tuna da cutar sun iso wurin, sun kira wasu, sun cunkushe fatar, tamkar maƙwabta da ke taruwa sannu a hankali bayan an yi kururuwa. Robert Koch na Jamus ya lura da wannan a jikin ɓeran Masar wajen 1890 yana binciken tarin fuka, kuma a shekarun 1940 Karl Landsteiner da Merrill Chase suka nuna a Amurka cewa ana iya ɗaukar wannan hali daga dabba zuwa dabba ta hanyar fararen ƙwayoyin jini, amma ruwan jini shi kaɗai ba ya ɗaukar sa.

A ganina gwajin yana da daraja, amma kada a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Ƙafar ɓera da ta kumbura shaida ce cewa jiki ya gane bairos ɗin, ba tabbaci ba ce cewa akuya za ta tsira idan annoba ta shigo garke. Hannun mai aunawa ma yana iya sauya lamba idan ya matsa ma'aunin da yawa, shi ya sa ake so mutum ɗaya ya yi awon duka, kuma ba tare da ya san wane rukuni ke hannunsa ba. Saboda haka masu haɗa magani ba sa tsayawa a nan, sai sun gwada shi a kan ainihin dabbar da aka yi shi dominta. A ƙasar nan babbar cibiyar wannan aiki ita ce Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, kuma mu a Kaduna muna da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda za a iya kai tambaya ko samfurin jini. Abin da ya shafi garkenku kai tsaye shi ne wannan: gwaje-gwaje irin waɗannan sun nuna cewa dabbar da ke cin abinci mai gubar funfuna, kamar masara ko ƙulin gyaɗa da ya yi hunhuna, ƙarfin wannan garkuwa yana raguwa a jikinta. Kuna iya sayen magani mai kyau, amma abincin da aka ajiye a daminar da ta wuce ya rage masa amfani.

Ta ƙarshe daga wani makiyayi ce a Ladduga ta ƙaramar hukumar Kachia, wanda wuyan saniyarsa ya yi ƙulli kwana biyu bayan allura, yana son ya tsaga.

Alhaji, kada a tsaga, kada a yi lalas, kada kuma a shafa baƙin mai. Ƙulli mai tauri da ya fito bayan kwana biyu ko uku, saniya na kiwo tana tuƙa, yawanci yana sacewa da kansa cikin makonni, musamman idan maganin mai haɗe da mai ne. A kira likitan dabbobi idan wurin ya yi zafi, yana ƙara girma, ya yi laushi kamar da mugunya, ko ta daina cin abinci, domin wannan alamar allura mai datti ce. Matsalar da ba ta jira ita ce ta nan take: dabba ta fara haki, yawu na zuba, fuska ta kumbura, jiki na rawa cikin mintuna kaɗan bayan allura. Wannan yana kisa, don haka a riƙe mai allurar a wurin kamar rabin awa, kuma a tabbatar yana ɗauke da allurar adirenalin. Idan kuma jami'ai suka zo gwajin tarin fuka, suka auna fatar wuya suka yi ƙaramar allura, a dawo musu da shanun nan dai bayan awa 72, domin a ranar ce za su sake aunawa, kuma ƙarin milimita 4 ko fiye ne ake ɗauka a matsayin alamar kamuwa a gwajin allura ɗaya.