Amsa Ga Kawu: Yadda 'Yan Sandan Ingila Ke Yi Idan Yaro Ya Shiga Hannu

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, saƙonka ya iso, kuma na san shekarun da ka kwashe kana aikin ɗan sanda ne suka sa wannan batu ya tsaya maka a rai. Ka ce ana faɗa a gida wai a Ingila ɗan sanda ba ya iya kama yaro, wai kuma uban da ya tsawata wa ɗansa shi ake tasa ƙeyarsa. Dukkan maganganun biyu suna da tushe, sai dai kafin su iso Kano an zuba musu gishiri da yawa. Da yake na daɗe ina cikin masu aikin sa kai da ake kira caji ofis idan an kama ƙaramin yaro, zan faɗa maka abin da doka ta tanada da kuma yadda mu Hausawan nan muke fama da shi.

Ana kama yaro a nan, kuma tun yana ƙarami ƙwarai. A Ingila da yankin Wels, da zarar yaro ya cika shekara 10 doka tana ɗora masa alhakin laifinsa, kuma wannan na cikin mafi ƙarancin shekaru a nahiyar Turai. A Sikotlan an ɗaga shi zuwa 12 tun 2021. Ka san a dokar final kod ta Arewa ba a kama ɗan ƙasa da shekara 7 da laifi, wanda ke tsakanin 7 da 12 kuma sai an duba ko hankalinsa ya kai ya san abin da ya aikata. Irin wannan rangwame ya taɓa kasancewa a nan ga 'yan shekara 10 zuwa 13, amma majalisa ta soke shi a 1998, shekara biyar bayan wasu yara biyu 'yan shekara goma-goma sun kashe wani ɗan shekara biyu a yankin Libaful, lamarin da ya girgiza ƙasar baki ɗaya. Saboda haka sassaucin da ake ba da labari ba a wajen kamu yake ba. Yana cikin abin da ke biyo bayan kamun, kuma shi ma da dalilinsa.

A 1972 an kama wasu samari uku a kudancin Landan, 'yan shekara 14 da 15 da 18, na ƙarshen ma yana da taɓuwar fahimta, aka yi musu tambayoyi babu lauya babu wani babba a ɗakin, har suka amsa laifukan da suka shafi mutuwar wani mutum da ƙona gida. A 1975 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin. Binciken da ya biyo baya na cikin abubuwan da suka haifar da dokar 1984 da ake taƙaita sunanta da PACE, wadda har yau ita ce ke tsara yadda ɗan sanda zai kama mutum, ya tsare shi, ya yi masa tambayoyi. Darasin da suka ɗauka shi ne yaron da ya firgita zai iya amsa abin da bai yi ba don kawai a bar shi ya koma gida.

Idan aka kawo yaro caji ofis, ba wanda ya kamo shi ne ke da ikon ajiye shi ba. Akwai wani sajan mai kula da waɗanda ke tsare, wanda ba shi da hannu a binciken, shi ne zai saurari dalilin kamun ya yanke ko a tsare ko a saki, kuma kowane motsi sai ya rubuta shi da lokacinsa. Dole ne a nemi iyaye ko mai riƙon yaron a sanar da su. Ba a haɗa shi ɗaki da manya, yarinya kuma sai an danƙa ta a hannun mace. Ba a wuce awa 24 ba tare da an tuhume shi ba, sai idan sufuritanda ya ƙara zuwa 36 a kan babban laifi, abin da ya haura haka kuma sai majistare ya yarda, iyakarsa awa 96. Sufeto yana sake duba dalilin tsarewar kafin awa 6 ta cika, daga nan kuma duk bayan awa 9. Lauya kyauta ne ga kowa, mai kuɗi da talaka, haka ma tafinta, kuma ana naɗar tambayoyin da na'ura. Abin da ya fi shafarmu shi ne ba a yi wa ɗan ƙasa da shekara 18 tambayoyi sai da wani babba a zaune, wanda mu a tsakaninmu muke kira mai tsaya wa yaro. Yawanci uba ne ko uwa, idan kuma ba su samu ba, ko suna da hannu a maganar, ko su ne shaidu, sai a kira ma'aikacin walwalar yara ko irinmu 'yan sa kai. 'Yan shekara 17 ma sai a 2013 aka shigar da su, bayan wani hukuncin babbar kotu.

A nan ne tarbiyyarmu take karo da tsarinsu. Wani dare wajen ƙarfe biyu aka kira ni saboda wani yaro ɗan shekara 14 da aka samu wuƙa a jakarsa ta makaranta. Na tarar an karɓe masa bel da igiyar takalmi, takalman kuma an ajiye su a bakin ƙofar ɗakin da yake, yana zaune a kan wata 'yar katifar roba yana rawar sanyi. Ba a jima ba mahaifinsa ya iso daga wurin aikin dare, ko rigar aikin bai cire ba, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Da sajan ya tambaya ko suna son lauya, sai ya ce ba sa so, domin a ganinsa mai gaskiya ba ya neman lauya, sannan ya juya ga yaron ya ce da Hausa: "Ka faɗa musu komai, ka ja mana abin kunya, kuma mu je gida ka gani." Na ja shi gefe na ce: "Alhaji, don Allah ka yi haƙuri ka saurare ni. Faɗan yana nan yana jiranka a gida, amma a ɗakin nan kai kaɗai ne nasa." Na bayyana masa cewa doka ta ba mai tsaya wa yaro ikon neman lauya ko da yaron ya ce ba ya so, kuma abin da yaro ya faɗa wa lauyansa sirri ne, alhali abin da ya faɗa wa uba ko ni ana iya tambayarmu a kai. Da ƙyar ya amince. Da lauyar ta keɓe da yaron sai ta gano wasu manyan yara ne suka tilasta masa riƙe musu wuƙar, maganar da ba zai taɓa iya furtawa ba mahaifinsa na harararsa.

Ba na zargin wannan uba, domin da ni ne a shekaruna na farko da haka zan yi. A gida mun saba uba ya je caji ofis da mutuncinsa, ya tafi da mai unguwa ko liman, ya fara yi wa ɗansa faɗa a gaban jami'ai don a ga gidan tarbiyya ya fito, a ba da haƙuri, a kashe magana. A nan babu wanda zai kashe magana don ganin idon wani, miƙa na goro kuma laifi ne da zai iya kai uban kansa gaban alƙali. Kunya ce babbar matsalarmu, har akwai iyayen da ke ƙin kiran kowa don kada labari ya kai masallaci. Shi ya sa muke yawan maimaita wa iyaye, a wajen suna da walima da bayan sallar Juma'a, cewa su amsa kira nan take, su nemi lauya, su nemi tafinta idan Turancin shari'a ya fi ƙarfinsu, kuma kada su sa hannu a takardar da ba su fahimta ba.

Kada ka ɗauka komai yana tafiya yadda aka rubuta. Yaranmu baƙaƙen fata sun fi takwarorinsu farare fuskantar tsayarwa da caje a kan titi, kuma alƙaluman gwamnati da kansu sun daɗe suna nuna haka. A 2020 'yan sanda suka tuɓe wata ɗaliba baƙar fata 'yar shekara 15 a makarantarsu da ke gabashin Landan suna neman tabar wiwi, babu wani babba nata a ɗakin, kuma ba a samu komai ba. Da rahoton binciken lamarin ya fito a 2022 sai da aka yi zanga-zanga. Don haka muna koya wa samarinmu cewa idan an tare su kada su gudu, kada su ɗaga murya, su tambayi sunan jami'in da ofishinsa da dalilin cajen, domin doka ta wajabta masa faɗa, sannan su nemi shaidar cajen a rubuce.

Ba kowace magana ce ke kai wa kotu ba. Idan laifin ƙarami ne kuma yaron ya amsa, ana iya yi masa gargaɗi a hukumance a gaban mai tsaya masa, wani lokaci da sharuɗɗa, a haɗa shi da wata tawaga ta ƙaramar hukuma da dokar 1998 ta kafa, wadda ta ƙunshi ma'aikatan walwala da na ilimi da na lafiya da ɗan sanda. Idan an je kotun yara, ba a barin 'yan kallo, ba a buga sunan yaron a jarida, ana kiransa da sunansa na yanka, kuma dole iyaye su halarta idan bai kai 16 ba. Wanda ya amsa laifi a karon farko akasari ana tura shi gaban wani kwamiti na tsawon wata 3 zuwa 12, inda mutum biyu daga cikin jama'ar gari da ma'aikaci ɗaya za su zauna da shi da iyayensa, wani sa'in har da wanda aka yi wa laifin, a tsara yadda zai gyara ɓarnarsa. Ranar da na fara ganin wannan zama, zauren mai unguwarmu ne ya faɗo mini a rai, illa dai a nan ana rubuta yarjejeniya yaro ya sa hannu, idan ya saɓa a mayar da shi kotu.

Game da dukan yara kuwa, a Ingila har yanzu doka ta bar wa iyaye ɗan horo mai sauƙi, amma dokar yara ta 2004 ta cire wannan kariya idan dukan ya ji wa yaro rauni, kuma ko shatin bulala na iya shiga ciki. Sikotlan ta haramta dukan gaba ɗaya a 2020, Wels ta bi sahu a 2022. Idan malamar makaranta ta ga tabo a jikin yaro za ta kai rahoto, kuma ɗan sanda na da ikon ɗauke yaron zuwa wurin da za a kula da shi har awa 72 idan ya ga yana cikin haɗari. Daga nan ne labarin da kuke ji ya samo asali. Mafi yawanmu mun ajiye dorina mun koma karɓe waya, da hana fita, da sa kawunnai su zaunar da yaro su yi masa nasiha. Wasu kuma, idan abin ya gagara, sukan yi tunanin mayar da yaro gida ya yi 'yan shekaru a hannun dangi, kuma na ga inda hakan ya yi amfani, na ga inda ya raba ɗa da iyayensa. Idan wani daga cikin 'yan'uwa na nan ya nemi aiko maka da ɗansa, ina roƙonka ka fara tambayarsa ko akwai beli ko umarnin kotu a kan yaron, domin fitar da shi daga ƙasar a wannan hali wata sabuwar shari'a ce.

Ka gaishe mini da Inna da sauran mutanen gida.