Tambaya da Amsa: Shukar hemp agrimony da kula da ita a lambu

Tambaya: Ina zaune a Ingila, kuma a ƙarshen lambun gidanmu akwai wani lungu da ruwa ke kwanciya, duk furen da na dasa a wurin sai ya ruɓe. Maƙwabciyata ta ba ni wata shuka mai suna hemp agrimony, ta ce za ta yi kyau a lungun, kuma wai mutanen da suna dafa ta su sha. Ganyenta ya yi mini kama da na tabar wiwi, abin ya sa ni fargaba. Yaya zan kula da ita, kuma shin ana shan ta?

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, domin wannan shuka, wadda masana ke kira Eupatorium cannabinum, ba ta da wata dangantaka da wiwi kuma ba ta sa maye. Ganyen ne kawai ya rabu gida uku zuwa biyar masu tsini, shi ya kawo kamannin. Asalinta Turai ne da yammacin Asiya da arewacin Afirka, kuma a Ingila tana fitowa da kanta a bakin rafuka da gefen magudanun ruwa da fadamu.

Maƙwabciyarki ta yi gaskiya game da lungun, domin ruwa shi ne rayuwar wannan shuka. Ƙasa mai laka ba ta cutar da ita, kuma danshin da ke ruɓar da saiwar wasu furanni shi ne abin da take nema. Abin da ba ta jurewa shi ne ƙasa mai yashi da ke bushewa da wuri, inda za ki ga ganyen ya yi yaushi da rana, na ƙasa suna ƙonewa, wani lokaci har wani farin gari ya rufe su. Tana son rana sosai, amma tana yi a inuwa kaɗan, sai dai furen ba zai yi yawa ba.

Ki dasa ta a watan Maris ko Afrilu, ko kuma a Oktoba kafin sanyi ya kankama. Ki haƙa rami mai faɗi, ki cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, sannan ki bar tazarar santimita 60 zuwa 90 tsakaninta da sauran shuke-shuke, saboda tana kai tsawon mita 1 zuwa 1.5, kuma gindinta yana ƙara faɗi kowace shekara. Shekarar farko ce ke buƙatar ido: kada ki bari ƙasar ta bushe, kuma ki shimfiɗa ruɓaɓɓen ganye a gindinta domin ya riƙe danshi. Ba ta buƙatar takin zamani, yawansa ma yakan sa karan ya yi tsawo marar ƙwari har iska ta kwantar da shi. Idan kina son ta gajarta, ki rage kusan sulusin tsawonta a ƙarshen watan Mayu.

Daga Yuli zuwa Satumba za ta fitar da curin furanni masu ruwan hoda a kan kara mai ja-ja, kuma a nan ne nake ganin ta cancanci wurin da aka ba ta, domin da wuya ki leƙa da hantsi ba ki tarar da malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma sun yi cincirindo a kanta ba.

Inda za ki sa lura shi ne bayan furen ya bushe. Kowace ƙwayar iri tana da farin gashi mai laushi kamar audugar rimi, iska na ɗaukarsa, kuma a ƙasa mai danshi kusan duk inda ya sauka sai ya tsiro. Saboda haka ki yanke kawunan furen da zarar sun fara yin fari-fari. Akwai nau'in da ake kira Flore Pleno wanda ba ya yin iri, ya fi dacewa da ƙaramin lambu. Da hunturu samanta zai mutu gaba ɗaya, sai ki sare busassun karan daga ƙasa, za ta sake tohowa daga saiwa. Bayan shekara uku ko huɗu ki tono gindin, ki raba shi da shebur, ki sake dasawa.

Game da sha kuwa, ina roƙonki kada ki gwada. Gaskiya ne an yi amfani da ita a maganin gargajiya na Turai, amma bincike ya nuna tana ɗauke da sinadaran pyrrolizidine masu lahanta hanta, kuma illarsu tana taruwa a hankali ba tare da mutum ya ji alama da wuri ba. Haɗarin ya fi yawa ga mai juna biyu da mai shayarwa da ƙananan yara. Ki sa safar hannu idan za ki yanke ta, domin ruwanta yakan sa wasu ƙaiƙayi, kuma ki nesanta ta daga inda kike shuka alayyafo ko na'ana'a, don kada a haɗa ganyenta da na miya wajen tsinka.