Amsa: Me ya sa ake girmama Joel Selwood alhali bai taɓa cin Brownlow ba?

Malam, ka ce ka fara bibiyar ƙwallon Ostireliya, gasar AFL, kana jin ana ambaton Joel Selwood na ƙungiyar Geelong cikin manya, amma da ka kalli guntayen bidiyonsa ba ka ga gudu ko gwanintar da ta kai ta Gary Ablett Jr. ko Chris Judd ba, kuma bai taɓa cin Brownlow, lambar gwarzon ɗan wasan shekara, ba. Idonka bai yaudare ka ba. Sai dai masu haɗa irin waɗannan bidiyo ƙwallayen da aka ci suke tarawa, shi kuwa aikinsa yana faruwa ne kafin a kai nan.

'Yan tsakiya a wannan wasa iri biyu ne. Akwai na waje, mai jiran a miƙo masa ƙwallo a sarari ya sheƙa da ita. Akwai na ciki, wanda zai kutsa cikin turmutsitsi ya zaro ta. Selwood na ciki ne. A farkon kowane zango (wasan zango huɗu ne) da bayan kowace ƙwallo da aka ci, a zamaninsa alƙalin wasa kan doka ƙwallo da ƙasa a tsakiyar fili, mutum huɗu-huɗu ne kawai daga kowane ɓangare ke cikin murabba'in tsakiya: dogo ɗaya da zai yi tsalle ya maro ta, da uku masu jiran faɗowarta. Duk ƙungiyar da ta fitar da ƙwallo daga nan, ita ke fara kai hari. A nan za ka nemi mai riga lamba 14, wato Selwood.

Samo cikakken wasa, ka daina bin ƙwallo da ido na zango ɗaya, ka bi shi kaɗai. Duba inda yake tsayawa kafin a doka: yakan sa jikinsa tsakanin abokin karawarsa da wurin da ƙwallo za ta sauka. Duba yadda yake ɗauka daga ƙasa. Ƙwallon nan doguwa ce kamar ƙwai, ba ta tashi inda ake zato, don haka mafi yawan 'yan wasa kan rage gudu su ga inda za ta karkata. Shi ba ya ragewa, yana sunkuyawa a kanta da gudunsa, ko da wani na tahowa ta gaba. Abin da ya sa ake yawan ganinsa da bandeji a ka ke nan. Sannan duba hannuwansa idan an kama shi. Doka ta ce wanda ya samu damar rabuwa da ƙwallo bai yi ba, aka riƙe shi, an ci shi laifi. Selwood yakan ɗaga hannuwa sama kafin a rungume shi, ya naushe ƙwallo zuwa ga abokin wasansa. Wanda ya karɓa shi ake nunawa a bidiyo.

Akwai abin da magoya bayan sauran ƙungiyoyi ba su yafe masa ba, kuma suna da hujja. Kamu na halal tsakanin kafaɗa da gwiwa yake. Hannu ya taɓa wuya, bugun tazara ne. Selwood ya ƙware wajen sassauta gwiwa ya ɗaga kafaɗa daidai lokacin da aka kai masa kamu, sai hannun mai kamun ya zame zuwa wuyansa. Ya samu bugun tazara ba adadi ta haka. Maganinsa shi ne a kama shi ta ƙugu a danne hannu ɗaya, amma mai kamun da ya zo a miƙe da gaggawa kullum sai ya faɗa tarkon. A tsakiyar kakar 2022 hukumar AFL ta sake jaddada cewa wanda ya jawo wa kansa taɓin wuya da gangan ba za a ba shi komai ba. A ganina wayo ne da doka ta bari, kuma ba ya rage komai daga jarumtarsa, domin mai neman bugun banza ba ya cusa kansa inda Selwood ke cusawa. 'Yan wasan gasar da kansu sau huɗu suna zaɓensa a matsayin wanda ya fi kowa ƙarfin hali.

Batun Brownlow kuma, alƙalan wasa ne ke ba da ƙuri'a uku, biyu, ɗaya bayan kowane wasa. A 2013 ya zo na biyu da ƙuri'a 27, Ablett ya ɗauka da 28. Ƙuri'a ɗaya ce ta raba su. Ya shiga tawagar gwanayen shekara sau shida, uku daga ciki shi ne kyaftin ɗinta.

Geelong ta ɗauke shi a matsayin na bakwai a zaɓen matasan 'yan wasa na 2006, bayan wasu ƙungiyoyi sun tsallake shi saboda shakkar gwiwarsa. Ya ci kofi a shekararsa ta farko, 2007, ya ƙara a 2009 da 2011. Amma waɗannan kofuna uku ba su ne ma'aunin shugabancinsa ba, don ya tarar da ƙungiya cike da zaratan mutane. Ma'aunin ya fara ne a 2012, da ya gaji Cameron Ling a matsayin kyaftin yana ɗan shekara 23, manyan suna ta yin ritaya ɗaya bayan ɗaya.

Ka san tsarin AFL an gina shi ne don ya jawo na sama ƙasa: akwai iyakar albashi, kuma ƙungiyar da ta ƙare a ƙarshen tebur ita ke fara zaɓen matasa. Bisa al'ada, wadda ta ci kofuna sai ta faɗi ta yi shekaru tana gini. Geelong ba ta faɗi ba. A kaka goma sha shida da ya buga, sau ɗaya kacal ta kasa shiga wasannin neman kofi, a 2015. Sai dai akwai ɗaci a ciki: a lokacin da yake kyaftin an fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe a 2013, 2016, 2017, 2019 da 2021, sun kuma sha kashi a hannun Richmond a wasan ƙarshe na 2020. Na 2021 ma da tazarar maki 83 Melbourne ta doke su, aka yi ta cewa tsofaffi ne, lokacinsu ya wuce. Riƙe mutane su dawo da himma bayan irin wannan faɗuwa sau shida, shi ne aikin da ba ya fitowa a ƙididdiga.

Wani abin lura shi ne yadda ya yarda a rage masa matsayi. Da Patrick Dangerfield ya zo daga Adelaide a ƙarshen 2015, Selwood ya daina zama tauraron tsakiya na ɗaya, kuma ba a ji wata hayaniya ba. A 2022 koci Chris Scott yana hutar da shi a wasu wasanni, yana zaman benci fiye da da, don ya isa watan Satumba, lokacin wasannin neman kofi, da sauran ƙarfi. Kyaftin da yawa ba sa jure wannan.

Idan wasa ɗaya za ka kalla, kalli wasan ƙarshe na cin kofin 2022 da Sydney a filin MCG na Melbourne. Geelong ta ci 133 da 52, nasara ta goma sha shida a jere. Kula da zangon farko, lokacin da wasa bai rabu ba tukuna, ka ga sau nawa ƙwallo ke bi ta hannunsa. Shi ne ya fito fili ɗauke da ɗan Ablett mai fama da rashin lafiya, ya kuma ci ƙwallo a zangon ƙarshe. Kwanaki kaɗan bayan nan ya sanar da ritaya, da wasa 355, 245 daga ciki yana kyaftin, wanda ya zarce tarihin 226 da Stephen Kernahan na Carlton ya kafa, da wasannin neman kofi 40. Bayan shi, nemi wasan kusa da na ƙarshe na 2013 da Hawthorn ta ci su da maki biyar, don ka ga yadda yake wasa ranar da abubuwa ba su tafi daidai ba.