Ganga Ɗaya, Bas Uku

Ɗana, jiya da muke naɗe wayoyi a shago bayan la'asar ka miƙo mini wayarka, ka ce: "Maigida, wannan kiɗan da ake kira saitirans mai duhu gudu yake kamar an koro shi, amma ganga da bas, sautin nan mai kauri na ƙasa, ba sa cin karo. Ni kuwa da na haɗa nawa sai su cakuɗe kamar kunu. Ina sirrin yake?" Magariba ta kawo kai, ban samu na ba ka amsa ba. Da daddare na sa abin a manyan sifikun shago na saurara da kyau, kuma na ji daɗin tambayar, don a daidai wurin da aikinmu yake ta sauka.

Asalin kiɗan daga Goa ne, a gaɓar tekun Indiya, tun wajen ƙarshen shekarun 1980. A farkon shekarun 2000 makaɗan Rasha da Jamus da Denmak suka ƙara masa gudu da duhu. Kamfanin Parvati Records, wanda aka kafa a garin Aarhus na Denmak a 2000, ya yi suna da reshen da ake kira na daji, wanda za ka ji kamar kwaɗi da gyare da ƙarar itatuwa a cikinsa. Tarukan da ake kaɗa shi akwai abubuwan da ba tarbiyyarmu ba ce, ka sani na sani. Mu aikin hannun muke so, kuma aikin hannun nan babu wasa a ciki.

Yanzu ɗauko biro. A ce kiɗan yana bugu 150 a minti ɗaya, wanda shi ne kusan gudun da ka kunna mini. Kowane bugu kashi huɗu cikin goma na sakan ke nan. Suna raba bugun gida huɗu: gidan farko na ganga, sauran ukun na bas. Dum, da-da-da. Ashe ganga kashi ɗaya cikin goma na sakan kawai take da shi ta shigo, ta faɗi abin da ya kawo ta, ta fice. In wutsiyarta ta wuce haka, ta taka bas na farko, nan kunun naka yake farawa. Na buɗe aikinka a FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, na duba. Gangar da ka ɗauko ta waƙar biki ce, jelarta ta kai har gida na uku. A waƙar biki ba laifi, akwai fili. A nan babu.

Gangar tasu ma ba bugun fata aka ɗauka ba. Sauti ɗaya ne tsantsa da yake farawa can sama, ya rufto ƙasa cikin ƙiftawar ido. Ka tuna mai kalangu idan ya matse tsirkiya a hammata, ya buga gula, ya saki hannu, muryar ta gangaro? To haka ne, sai dai sun matse gangarowar. Kuma inda za ta sauka ba a bar wa sa'a ba, ana saita ta ta dace da muryar bas ɗin.

Ga wurin da nake so ka daɗe a kai. Bas irin wannan yana girgiza kusan sau 50 a sakan. A cikin ɗan gidan nan nasa, girgiza biyar kacal zai yi. Biyar! Ka ja hoton sautin a kwamfuta har ka ga tudu da kwari da idonka, ka ƙirga. Idan jelar ganga tana hawa tudu a lokacin da bas yake shiga kwari, sai su cinye juna, ka ji ƙasan kiɗan ya zama fanko. Shi ya sa suke saita na'urar bas ta fara kowace murya daga wuri guda, kullum, sannan su matsa ta gaba ko baya kaɗan-kaɗan har tudu ya bi tudu.

Ni da kuɗina na sayi wannan karatun. Wani biki a Bolari, ina sabon shiga, na jona manyan sifiku biyu cikin gaggawa, ɗaya na juya mata waya, ja a wurin baƙa. Ɗaya tana turawa, ɗaya tana ja. Mata suna fili suna ɗaga mini hannu in ƙara bas, ni kuma ina ta murɗawa, ba abin da ke fitowa sai iska. Can sai na ji ƙaurin ƙonewa. Na sa tafin hannu a jikin akwatin, zafi kamar murhu. Wata biyu ina biyan maigidana kuɗin naɗin waya. Abin da ya faru tsakanin sifikun nan biyu shi ne yake faruwa tsakanin gangarka da bas ɗinka, a cikin kwamfuta.

Su kuwa ƙararrakin da ke sama, masu tsuwwa da gurnani da kamar ana murza ƙarfe, yawanci sauti ne ake sa shi ya girgiza wani sautin da sauri. Manhajar ƙera sauti ta Vital kyauta ce, za ta yi maka, ba sai ka nemi takwararta Serum ba. Abin kula ɗaya ne: suna yanke wa waɗannan duka ƙasa, ba sa barin ko ɗaya ya leƙa gidan bas. Bas ɗin kuma a tsakiya yake zaune, ba a watsa shi dama da hagu.

Sababbin kaɗe-kaɗen da ake ta saki a Bandcamp, shafin sayar da kiɗa a intanet, suna da yawa, kuma ba duka ne suka ci sunansu ba. Wasu, musamman masu gudun da ya haura 180, tara hayaniya kawai suke, minti biyu kunnenka ya gaji. Waɗanda nake girmamawa su ne masu barin sarari: ƙara ta zo daga hagu, ta yi shiru, wata ta amsa mata daga dama, kamar amshi tsakanin zabiya da 'yan kwarya. Irin waɗannan za ka zaɓa ka yi karatu da su. Kuma kar ka yanke musu hukunci da sifikar waya, ba ta iya fitar da ƙasan da muke magana a kai. Abin kunne ma ka rage masa ƙarfi, don Allah. Kunnen nan shi ne jarinka, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa.

Gobe ka zo da sassafe tun da sauran wuta, kafin mu kai kaya Pantami. Ka buɗe sabon aiki, bugu 150, ganga da bas kaɗai, kar ka ƙara ko tafi. Zan zuba ɗan gero a kan fatar sifika mu ga yadda yake tsalle. In yana tashi daidai a kowane bugu, sai mu shiga maganar na sama.