Amsa Ga Yarona Kan Kai Ma'aikatan Ofis Tsibirin Zanzibar

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce wani jami'i daga wani kamfani ya same ka a shago ba na nan, yana son a kai ma'aikatansu Zanzibar na 'yan kwanaki domin su huta, su yi taro, su kuma ƙara fahimtar juna, kana tambayar da wane otal za ka fara magana da kuma yadda za ka fitar musu da farashi kafin Litinin. Ba zan zauna koya maka yadda ake kama kujera a kwamfuta ko duba ranar ƙarewar fasfo ba, domin wanda ya shekara a shagona bai iya waɗannan ba, gara ya nemi wata sana'ar tun da sauran ƙuruciya. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne wanda ba ka tambaya ba: mene ne matsayin mutumin nan a kamfanin, kuma wa ke sa hannu kafin kuɗi su fita?

Ku yaran yanzu da zarar an ambaci tsibiri sai hankalinku ya tafi kan farin yashi da shuɗin ruwan da kuke gani a Instagram, ku fara lissafin riba tun ba a ajiye ko sisi ba. Tafiyar ofis ta bambanta da ta mai Umara. Mai Umara shi ne mai kuɗin, shi ne matafiyin, kuma abin da ya sa gaba yana hana shi wasa da kai. A tafiyar ofis kuwa wanda ya zo maka daban, mai biya daban, masu hawa jirgi daban, kuma sau da yawa na farkon ba ya ƙaunar ka haɗu da na biyun.

A watan Disambar 2023 wani irin wannan ya zo mini, jami'in gudanarwa a wani kamfani mai zaman kansa da ke da ofis a nan Bauchi. Farar shadda, ƙamshin turare, bakinsa ba ya rabuwa da "Baba Alhaji", ya kuma kawo mini gaisuwa daga wani surukina da ya ce tare suka yi makaranta. Ma'aikata ashirin da 'yan kai yake son a kai Zanzibar a watan Fabrairu. Na yaba masa zaɓen lokacin, domin manyan ruwan sama na can suna sauka ne daga Maris zuwa Mayu, azumin shekarar kuma ya kama wajen 11 ga Maris. Na tsara musu hanya: mota daga Bauchi ta Ningi zuwa Kano, jirgi zuwa Adis Ababa, daga nan su sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume. Na ajiye masa otal biyu a gabansa, ɗaya a Nungwi da ke ƙuryar arewacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, ɗaya a Paje ta gabas, na kuma gaya masa da bakina cewa na gabas ya fi araha amma teku a can yakan janye nesa ƙwarai na wasu sa'o'i kowace rana. Da yatsansa ya nuna mai arahar.

Tun a zaman farko ya ɗan taɓa ni ya ji, ko zan ƙara wani abu a kan takarda mu raba tsakaninmu. Na ce masa tun da na buɗe shagon nan ban taɓa rubuta adadin da ban karɓa ba, kuma ba a kansa zan fara ba. Sai ya yi dariya ya ce gwada ni yake yi. Daga nan ya nemi in rubuta farashin da naira, wai akantansu ba ya karɓar takardar dala. Na rubuta, amma a ƙasa na ƙara layi guda cewa an yi lissafin ne a kan farashin dala na wannan rana, idan ta motsa farashi zai motsa. Kwana biyu ya dawo da takardar, ya ce ofishin kuɗi ba ya amincewa da takarda mai sharaɗi, in taimaka in cire layin, tsakanina da shi akwai Allah. Na cire, domin a Bauchin da na tashi, idan mutum ya ambaci Allah ya haɗa da sunan surukinka, magana ta ƙare. Har gobe ban ɗauki wannan a matsayin wauta ba. Shi ne ya ci amana.

Ya ba da kashi ɗaya cikin uku a matsayin kafin alƙalami, da shi na shigar da neman biza, na kama ɗakuna, na kuma sa aka riƙe mana kujeru zuwa wani wa'adi. Ciko ya kamata ya zo a tsakiyar Janairu. Kullum na kira, amsar ɗaya ce: takarda tana teburin oga, oga yana Abuja, gobe in sha Allah. Ana cikin wannan gobe-goben ne, a ƙarshen Janairun 2024, dala a farashin hukuma ta tashi daga wajen naira 900 zuwa sama da 1,400 cikin 'yan kwanaki. Ka san, ko ya kamata a ce ka sani, cewa da dala ake yanke kuɗin tikitin ƙasar waje, a mayar da shi naira a kan farashin ranar da aka fitar da tikitin. Otal ɗin ma dala yake karɓa. Kuɗin da aka rubuta a Disamba suka zama ba za su isa kai mutanen ba.

Wa'adin kujeru ya cika, biza ta fito, kuɗi babu. Idan na saki, kujeru sun tafi, abin da aka ajiye wa otal ya salwanta, sunan da na shafe shekaru ina ginawa kuma ya zube a gari. Ran nan bayan sallar isha'i ya zo har gida, ya cire takalmi ya zauna a kan darduma a zaurena, ya riƙe kofin shayi da hannu biyu bai kurɓa ba, ya ce, "Baba Alhaji, ka rufa mini asiri ka fitar da tikitin nan. Wallahi duk giɓin da aka samu kamfani zai cike, ni ne shaida." Na kwashe abin da nake juyawa a shago, bai isa ba. Na sayar da filina na hanyar Jos, wanda na saya da niyyar gina wa yara, a farashin wanda ya matsu. Na sayi dala a hannun 'yan canji, na biya otal, na fitar da tikitin kowa.

Saura mako guda tafiya sai ga shi da sabon jerin sunaye. Ya cire ƙananan ma'aikata huɗu, ciki har da direba da masinja, ya sa matarsa da ƙanwarta da abokansa biyu. Na ce masa tikitin da aka fitar da sunan mutum ba a mayar da shi ga wani, ɗan Najeriya kuma ba a ba shi bizar Tanzaniya, ƙasar da Zanzibar ke cikinta, a filin jirgi, sai an tura takardunsa hukumar shige da fice ta ƙasar ta tantance, abin da ke cin makonni. Ashe ya riga ya gaya wa mutanen huɗu cewa bizarsu ba ta fito ba, alhali tana cikin durowata. Tsohon direban ne ya zo da kansa, ya zaro sabon fasfonsa daga cikin leda, fasfon da bai taɓa mallaka ba sai saboda wannan tafiyar, ya tambaye ni cikin ladabi ko akwai wani laifi a hotonsa. Na buɗe durowa na miƙa masa takardunsa, na kira sauran ukun na ba su nasu. Da su aka tafi, jami'in kuma ya ƙullace ni daga ranar.

Suka je suka dawo lafiya, ma'aikatan har tsarabar kanumfari suka kawo mini shago. Shi kuwa ya biya cikon tsohuwar takardar naira, ya ma zabtare wani abu, ya haɗo da wasiƙar ƙorafi wai na kai su otal ɗin da teku ke ƙafewa rabin yini. Da na tuna masa alƙawarin zaure, ya kalle ni ido cikin ido ya ce, "Ina takarda, Alhaji?" Baban ma ya sauke shi.

Bayan watanni na haɗu da akantan kamfanin a wurin ɗaurin aure, ya tambaye ni ko ƙarin kuɗin ya ishe ni. Nan na ji cewa kamfani ya saki ciko tun farkon Janairu, kafin dala ta tashi, mutumin ya riƙe yana juyawa. Na kuma ji cewa an amince da ƙari saboda tashin dalar, an damƙa masa, ya kai musu rasit mai ɗauke da sunan shagona wanda ban taɓa bugawa ba. Batun cewa ofishin kuɗi ba ya karɓar takarda mai sharaɗi shi ma ƙarya ne, domin takardar farko ba ta taɓa isa teburin akanta ba. Na so in kai ƙara, dattawa suka shiga tsakani, a rufa asiri, yana da iyali, a bar wa Allah. Na ji maganar manya. Ya kawo ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, aka yi masa canjin wurin aiki, shi ke nan. Filin nan yanzu wani ya gina bene a kansa, kuma duk lokacin da zan tafi Jos sai na wuce ta gabansa.

Saboda haka kada ka tura wa kowa farashi ranar Litinin. Ka ce wa jami'in maigidanka yana son zama da shugaban kamfanin ko akantansu, a ofishinsu, gaba da gaba. Mai gaskiya zai yi murna da hakan, domin an sauke masa nauyi. Idan ya fara kame-kame, wai oga ba shi da lokaci, ka san cinikin biri a sama ake son a sa mu. Bayan zaman, wasiƙar neman aiki ta zo a kan takardar kamfani da sa hannun mai iko. Farashi a rubuta shi da dala, nairar da ke gefensa ta kwana biyu ce kawai. Kuɗi su fito daga asusun kamfani zuwa asusun shago, ba na karɓa daga hannun mutum ko ta wayarsa. Sunaye a rufe su ranar da aka shigar da biza, wanda ya janye asararsa tana kan kamfani. Ba a fitar da tikiti ko ɗaya sai biza ta fito kuma kuɗi sun cika, ko da mai roƙon limamin unguwarku ya biyo da shi.

A lissafinka ka sa dala 44 kan kowane mutum, kuɗin inshorar da gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun 1 ga Oktoban 2024, wadda ake saye a wurin kamfanin inshorar gwamnatin tsibirin ko da mutum yana da wata. Katin rigakafin shawara kuwa ba sai na faɗa ba.

Batun otal da ka fi ɗokinsa, ga abin da hotuna ba za su nuna maka ba. Mutanen Zanzibar galibinsu Musulmi ne, masallatai sun wadata a cikin gari, amma manyan otal-otal na bakin teku Turawa ake ginawa dominsu, kuma farashinsu na ci-da-sha gaba ɗaya ya haɗa da giya. Kada ka sa kamfani ya biya kuɗin abin da mutanenmu ba za su taɓa ba. Ka nemi farashin ɗaki da abinci sau uku, ka tambayi inda mutum ashirin za su yi jam'i, ka nemi a haɗa ɗakunan mata a ɓangare guda. Ka kuma sa kamfani ya rubuto maka wa zai kwana shi kaɗai, wa zai haɗa ɗaki da wa, domin na ga tafiyar haɗin kai ta koma gaba a kan ɗaki mai kallon teku. Ma'aikata mata masu aure a ba su lokaci su daidaita da mazajensu kafin a shigar da sunayensu, kada a biya kuɗin biza sannan maigida ya ce bai yarda ba.

Taro ya tsaya a safiya. Mutumin da ya baro Bauchi ya ƙetara rabin Afirka ba zai yafe maka ba idan ya yini a ɗaki yana kallon majigi. Ka kai su tsohon garin nan na duwatsu da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, su ga ƙofofin katako masu sassaƙa, da yamma su ci gasasshen kifi a lambun Forodhani da ke bakin teku. Ka sa musu gonar kayan ƙamshi, inda za su ga kanumfari da kirfa a jikin bishiyarsu, wannan yakan burge mutanenmu fiye da yashi. Idan za a tsallaka tsibirin Changuu ganin manyan kunkuru, ka rubuta a yarjejeniyarka da mai kwale-kwale cewa kowane fasinja sai da rigar kariya daga nutsewa, jagoran tafiya kuma ya ƙirga su da hannunsa kafin a tashi. Yawancin waɗanda za ka tura ba su iya iyo ba, kuma babban ruwan da suka taɓa gani shi ne madatsar Gubi.

Idan ka zauna da mai kuɗin ka ga kasafinsu bai kai ba, kada ka rage ingancin masauki domin a dole sai an je tsibiri. Ka kawo musu Yankari. Ba biza, ba dala, ruwan ɗumi na Wikki yana nan, kuma direba da masinja za su je ba tare da an nemi cire sunan kowa ba. Ribar kaɗan ce, na sani, ku kuma ba ku son kaɗan. Ka turo mini sunan jami'in da muƙaminsa yau kafin magariba, in bincika ko ɗan wane gida ne kafin mu taka ofishinsu.