Tambayi Madugu: Hazo ya cinye mana jirgin Jidda, mu ashirin da uku

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Madugu. Ni 'yar kasuwa ce a Marwa, atamfa da turaren wuta nake sayarwa. Bara mu 23, yawancinmu matan adashi ɗaya, muka tafi Umra cikin Sha'aban. Mun bi mota ta Mora da Waza har Kuseri, muka ƙetare gada zuwa Injamena. Ranar tashi hazo ya rufe gari, jirgin bai sauka ba sai washegari da yamma. Ko da muka isa Alƙahira, jirgin Jidda ya daɗe da tafiya. Aka ce tikitinmu ya mutu, sai dai mu sayi wani. Kwana biyu muka yi a kan kujeru, ga tsohuwa mai ciwon suga a cikinmu. Bana mata sun ce ni zan ja gaba. Wallahi gabana faɗuwa yake. Me zan yi?
Hajiya, daga Marwa

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Sannunku da wahala, Allah ya sa kaffara ce. Amma bari in fara wanke hazo, don ba shi ya kwanar da ku a kan kujeru ba. Hazo ya ci muku kwana ɗaya a Injamena. Sauran biyun, tun a Marwa aka ci muku su, ranar da aka yanka tikiti.

Daga yadda kika ba da labari, wanda ya shirya muku tafiya tikiti biyu ya saya wa kowa: ɗaya Injamena zuwa Alƙahira, ɗaya Alƙahira zuwa Jidda. Wasu masu ajans suna yin haka don ya fi araha, ribar ta sauka a aljihunsu. In komai ya tafi daidai, ba mai sani. In na farko ya makara, kamfani na biyu zai ce bai san da zamanku ba, kun dai ƙi zuwa ne. Kuma a takarda gaskiyarsa ce. Da tikiti ɗaya ne tun daga Injamena har Jidda, nauyin kai ku yana wuyan kamfanin, shi zai nemo muku jirgi na gaba ba tare da kun ƙara ko dala ba.

To yaya za ki gane? Kafin ki biya cikon kuɗi, ki ce a nuna miki takardar tikitin. Akwai wata lamba mai gurbi shida, haruffa da alƙaluma a gauraye, ana ce mata PNR. Ki duba da idonki ko duk tashin, zuwa da dawowa, suna jere a takarda ɗaya ƙarƙashin wannan lamba. Ran tafiya kuma ki dubi takardar da ake liƙa wa akwati. In an rubuta JED, kayan har Jidda za su. In kika ga CAI, a Alƙahira za a sauke su, kada ki bar gaban teburin sai an yi miki bayani. Mai ajans da ya fara kame-kame a kan wannan tambaya, ki ɗauki jakarki ki yi masa sai an jima.

Shi hazo ba a yi masa dabara, sai dai a ba shi hanya. Ƙurar daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin Chadi, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har Maris, tana iya hana jirgi sauka a Injamena ko Garwa ko Salak, filin jirginku na Marwa. Rajab da Sha'aban kuwa a 'yan shekarun nan cikin hunturu suke faɗowa. Don haka ku isa Injamena da kwana guda a hannu, kin dai san halin hanyar Waza, ga kuma layin gadar Ngeli da kuka ƙetare daga Kuseri. Sannan kada ki yarda da canjin jirgi mai tazarar awa ɗaya da rabi. Mutum 23 da tsofaffi da masu neman banɗaki ba sa gudu. Awa huɗu ko biyar ya fi mini kwanciyar hankali.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Wata shekara ina jan mutum 31 daga Garwa, aka soke mana jirgi a wani filin da ba zan ambata ba, wajen ƙarfe goma sha ɗayan dare. Kafin in juya, mutanena sun yi wa teburin ma'aikaciyar dafifi, kowa yana miƙa fasfo ta saman kan ɗan'uwansa. Wani matashi ɗan kasuwa yana dukan tebur da Faransanci, wani dattijo yana ja masa riga yana cewa a yi haƙuri, haka Allah ya so. Su biyun ba wanda ya samo mana kujera ko ɗaya. Wadda ta fisshe mu wata malamar firamare ce da ba ta ce uffan ba. Ta zauna a ƙasa, ta yage takarda daga littafinta, ta jera sunayenmu gida-gida, ta ɗaure fasfo na kowane gida da kyauron roba irin na ɗaure kuɗi. Na kori kowa ya je ya zauna, muka koma mu biyu. Ma'aikaciyar ta dubi takardar, ta sauke ajiyar zuciya, ta fara danna kwamfuta. Ba ta sami kujera 31 a jirgi ɗaya ba, kuma ba za ta samu ba. Ta raba mu 9, da 12, da 10, cikin yini biyu.

Wannan rabuwa ita ce abin da ayari ya fi tsoro, kuma ita ce mafita mafi sauri. In kika kafe sai dai ku tafi gaba ɗaya, kina iya kwana huɗu kina jira. Saboda haka tun a Marwa, ranar taron adashi, ku kasa kanku kashi uku ko huɗu. Kowane kashi ya sami mai jin Faransanci ko Larabci, ko da na Shuwa ne, yana ɗan fid da kai a Alƙahira da Jidda. Tsohuwa mai suga ta shiga kashin farko tare da mai kula da ita. Ke kuwa kashin ƙarshe ne naki. Madugu ba ya riga ayarinsa tashi.

A gaban tebur, abu huɗu za ki nema, da murya ƙasa-ƙasa: jirgi na gaba, takardar abinci, masauki in za a kwana, da takardar shaidar cewa an yi jinkiri ko an soke, mai hatimi. Ta ƙarshen nan ita mutanenmu suke mantawa. Muna da wata ɗabi'a, da an ce mana "sai haƙuri" sai mu ga kamar neman haƙƙi rashin tawakkali ne. Haƙuri na zuciya ne, Hajiya, bai hana hannu karɓar takarda. Ba kowane kamfani ne ke ba da otel ba in laifin yanayi ne, amma wanda bai tambaya ba ko ruwa ba ya samu. In kun sayi abinci da kuɗinku, ki adana rasit.

Kada kowa ya yi gaban kansa ya sayi tikitin wani jirgi ba a rubuta a kwamfutar kamfanin farko ba. Wanda aka rubuta bai zo ba a tashi ɗaya, ana soke masa sauran, har da na dawowa. Na ga wanda ya gano haka a Jidda, da jarkar zamzam a hannu. Ki kuma sa a kira masaukinku na Makka a ce kuna tafe, kada su ba wasu ɗakunan.

Jakar hannu: magani duka a ciki, da ƙarin na kwana uku, da takardar likita, musamman allurar suga. Kada ƙwaya ɗaya ta shiga babban akwati. Sai zane da hijabi na canji, caja, da Power Bank, wanda dama doka ta hana sa shi cikin kayan da ke shiga cikin jirgi ta ƙasa. Dabino da gyaɗa da daƙuwa. Gorar ruwa ku shiga da ita ba komai a ciki, don ba a wucewa da ruwan da ya haura mililita 100, sai ku cika ta bayan bincike. Kowa ya sa rigar sanyi, musamman in ta Addis Ababa za ku bi, garin yana kan tudu fiye da mita 2,300, asubarsa ba wasa. Katin rigakafin shawara da na sanƙarau su zauna cikin fasfo. Ku kuma tara asusun ko-ta-kwana, ko sefa dubu 20 kowa, a canza shi zuwa yuro ko dala tun a gida. Sefa da Orange Money ba sa sayen burodi a Alƙahira.

Abu na ƙarshe, ki riƙa faɗa wa mata gaskiya. In ba ki san lokacin tashi ba, ki ce ba ki sani ba. "Yanzun nan za mu tashi" sau uku, ta huɗu ba mai saurarenki.

TAMBAYA: Baba, an turo mana a WhatsApp cewa duk wanda jirginsa ya makara awa uku ana biyansa yuro 600. Gaskiya ne? Ƙanena ya makara yini guda daga Duwala zuwa Dubai, akwatinsa ma bai iso ba.
Wani ɗan tireda, daga Ngaundere

AMSA: Ɗana, rabin gaskiya ce, ita ce kuma mai saurin yawo. Dokar tana nan, ta Tarayyar Turai ce, mai lamba 261 ta shekarar 2004. Tana biyan yuro 250 ko 400 ko 600 gwargwadon nisan tafiya, kuma 600 ɗin ya kama sefa 393,574, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi. Amma tana aiki ne a kan jirgin da ya tashi daga ƙasar Tarayyar, ko wanda zai sauka can in kamfanin nasu ne. Ko a can ma ba a biya in yanayi ne ya jawo. Duwala zuwa Dubai ba ta shiga.

Abin da ya shafi ƙanenka shi ne yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Kamaru ke cikinta. Ita ba ta da ƙayyadadden kuɗi, asarar da ka nuna da rasit take biya, har zuwa wani iyaka. Na kaya, tun Disamba 2024, ya kai wajen dala dubu 2. Abin da kamfanoni kan nema shi ne ya cika takardar ɓatan kaya, wadda ake kira PIR, kafin ya fita daga filin jirgin, ya kuma riƙe ɗan guntun takardar akwati da aka liƙa masa. In akwatin ya iso a makare, yana da kwana 21 daga ranar da ya karɓa ya rubuta ƙorafi. In a fashe ya iso, kwana 7 kacal. In kwana 21 suka cika bai iso ba, ana lissafa shi ɓatacce. Ka tambaye shi ko ya cika takardar. Ina jin tsoron amsar.

TAMBAYA: Madugu, in mutum ya ɗaura harami tun daga gida sai aka soke jirgi, yaya zai yi? Sallarsa fa?
Mai niyya, daga Garwa

AMSA: Malam, ni ba malami ba ne, ka ƙara da tambayar limaminku. Abin da muka koya kuma muke yi shi ne, ɗaura zannuwan daban, niyya daban. Kana iya sa su a filin jirgi na ƙarshe, ka bar niyya da talbiyya sai an kusa miƙati: Juhfa ga mai zuwa ta Masar, Yalamlam ga mai zuwa ta Habasha. Jirage da yawa suna sanarwa. Muddin ba ka yi niyya ba, in an soke sai ka mai da rigarka. In ka riga ka yi, kana cikin harami har ka yi Umrarka, ko kwana nawa ne, ba turare, ba hula, ba ɗinkakken kaya.

Salla kuwa kai matafiyi ne, a mazhabarmu ta Malikiyya kana ƙasaru muddin ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Ka gyara agogonka, Saudiyya da Habasha suna gabanmu da awa biyu. A Addis kada ka tambayi mai shara ƙarfe nawa, su daga fitowar rana suke fara ƙirga, ƙarfe bakwai na safe shi ne ɗayansu.

A waccan tafiya da na ba Hajiya labari, wani Alhaji ya yi niyya tun a Garwa, wai don lada ta fi yawa. Kwana biyu ya yi cikin zane biyu a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, yana karkarwa, kansa a buɗe. Bargon jariri muka aro masa wajen wata mata 'yar Sudan.