Tambaya da Amsa: Kifin da Ke Fitowa Daga Busasshiyar Laka

Tambaya: Yara sun kamo mini ƙananan kifaye a wani kududdufi da ke ƙafewa ƙaf da rani, kuma ba ya haɗe da kogi. Daga ina suke zuwa? Za su rayu a akwatin gilashi? Daga mai karatu a Kuseri, arewacin Kamaru.

Amsa: Malam, ba daga sama suke faɗowa ba, ƙwansu ne ke cinye rani a cikin laka. In tsawonsu bai wuce santimita 5 ba, namijin shuɗi-shuɗi da jan zane kamar saƙar raga, macen kuwa toka-toka ba ado, mai yiwuwa Nothobranchius rubroreticulatus ne, wanda masanan kifi Blache da Miton suka fara bayyana a 1960. Gidansa kududdufan damina na fadamun kogunan Logon da Shari. Iyaye na mutuwa in ruwa ya ƙafe, ƙwai ya jira ruwan baɗi.

Akwati mai lita 30 ya ishi namiji ɗaya da mata uku. Maza biyu faɗa za su yi ta yi. Ruwan famfo ya kwana a buɗe tukuna, a zuba gishiri cokalin shayi ɗaya a kowace lita 10, don kare su daga cutar da ke sa jikinsu kamar an barbaɗa garin zinariya. A canza sulusin ruwan duk mako. Babban abokin gabarsu a nan zafin bazara ne: sun fi son digiri 22 zuwa 26, in ya haura sai su tsufa da wuri, don haka a ajiye su a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga. Abinci kuwa tsutsar sauro mai rai. Garin abincin kanti ba su cika kula shi ba.

Ko an yi komai daidai, da wuya su cika shekara, shi ya sa aikin yana kan ƙwai. A dafa zaren ɓawon kwakwa, a zuba a ƙaramin kwano cikin akwatin, nan za su binne ƙwansu. Bayan mako biyu a kwashe, a matse har ya daina ɗiga amma da danshi, a ƙulle a leda, a rubuta kwanan wata. In ya jiƙe sharkaf ƙwan zai ruɓe, in ya bushe ƙayau zai mutu. Bayan wata 3 zuwa 5, in aka hango idon ɗan kifi cikin ƙwan, a zuba ruwan sama mai sanyi. Cikin awoyi za su ƙyanƙyashe. Kada a zubar da zaren: a sake matsewa a ajiye wata guda, wasu ƙwan sai a jiƙo na biyu suke fashewa.